Linzamin Idon Barau

Linzamin ya farka da 'yar ƙara kamar ta sauro, fatar idon Barau ta ɗaga a hankali. Abu na farko da ya gani shi ne fuskar Dakta Hurera, wadda ta dasa masa na'urar a hawa na saba'in na asibitin Sabuwar Daura.

"Bi yatsana," in ji ta. Idon ya bi, dama da hagu, sama da ƙasa, ba gargada.

Barau mai wanke allunan sola ne a kan dogayen benaye. Igiya ce ta tsinke da shi, ƙashin gindin ƙwaƙwalwarsa ya tsage. Jijiya ta farko, mai ɗaukar ƙamshi ta 'yan ramukan da ke saman hanci kamar rariya, ta tsinke har abada. Ta biyu, mai kai hoto daga bayan ƙwayar ido zuwa ƙeya, ta murƙushe. Ta uku da ta huɗu da ta shida, masu jan tsokoki shida da ke juya ido, su ma sun mutu, ta ukun ma ita ke ɗaga fatar ido. Linzami wani ɗan ƙarfe ne kamar ƙwayar gero, yana fitar da zare ya haɗe inda jijiyoyin suka yanke. Dakta Hurera ta sha yabo har ta gaji.

To, amma manhajar da ke tuƙa shi daga ƙetare aka sayo ta, a kulle. Masu ita sun koya mata abu guda: in mutum yana magana, ido ya tsaya cikin idonsa.

Yana kwance matarsa Tasalla ta haihu a gidan iyayenta, haihuwar fari. Da aka yi arba'in, Barau ya tafi wurin surukinsa Malam Jatau neman a maido masa da iyalinsa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin tabarma. Malam na buɗe baki, idon Barau ya ɗaga ya kafe shi ƙur. Ya sunkuyar da kai, idon ya mirgina sama don kada ya saki fuskar tsohon, abin ya koma harara. Ya yi ƙoƙarin rufewa, Linzami ya riƙe fatar.

"Ni kake harara a zaurena?" in ji Malam Jatau. "Tashi ka ba ni wuri!"

Barau ya dawo asibiti kamar zai fashe.

"Likita, wannan wane irin bala'i kika sa min? Ko mahaifiyata ta daina yi min magana sai ta juya baya. Mai shayi ya ce in daina kallonsa kamar yana riƙe da kayana."

Dakta Hurera ta kira kamfanin da ke da manhajar. Na'ura ce ta amsa, da Hausa mai santsi, ta ce kallon mai magana alama ce ta lafiya, ba a gyara abin da bai lalace ba. Ta sake kira, ta yi bayanin kunya da surukuta har muryarta ta dushe. Aka ce an tura ƙorafinta gaba. Haba! Gaba ina? Takaici ya sa ta buga teburin da hannu.

Ta je da kanta wurin Malam Jatau da hoton ƙwaƙwalwa mai yawo a iska, tana nuna masa jijiya ta uku.

"'Yata, na ji karatunki," ya ce. "Amma ni abin da na gani na gani. In ƙarfe ne ke juya masa ido yau, gobe me zai juya masa? Ya zo Juma'a. In ya sake zare min ido, Tasalla ta zauna a gidan ubanta."

Ranar Alhamis Barau ya tambaye ta yadda ake kashe abin.

"Kada ka soma," ta ce. "In ya mutu zaren zai saki jijiyar, wurin ya yi tabo. Ba a dasawa sau biyu. Duhu ne, Barau, ba na kwana ɗaya ba. Ka ba ni lokaci."

"Lokacin nawa? Tun yaushe kike cewa gobe?"

Ta tashi ta zagayo bayansa. Doka kuma ta ba majiyyaci ikon kashe abin da ke jikinsa, dole ta nuna masa maɓallin da ke bayan kunnensa.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Barau ya tsuguna a zauren Malam Jatau. Ya ji takun tsohon, ya ji idon ya fara ɗagawa da kansa. Wallahi ya yi ƙoƙari, har jijiyar wuyansa ta tashi. Da Malam ya yi gyaran murya, Barau ya kai hannu bayan kunne ya danna. Fatar idonsa ta sauko, komai ya ɗauke.

Malam Jatau ya yi nasiha mai tsawo, ya ga yaro kai a ƙasa, ko motsi babu. Ransa ya yi sanyi.

"Yanzu na ga Baraun da na ba 'yata. Allah ya yi maka albarka. Ku tafi yau."

Ya shiga ciki. A can asibiti, layin da ke nuna aikin Linzami a allon Dakta Hurera ya miƙe. Ta zauna tana kallonsa, a waje kuwa ana layin masu jiran dashe.

Tasalla ta fito zauren da goyo, ta kwance jaririyar ta ɗora masa a cinya tana dariya.

"Baba ya tafi, malam mai kunya. Ɗago ka ga 'yarka."

Barau ya lalubo 'yar fuskar da yatsunsa, ya shafa goshin, ya shafa hancin.

"Tasalla," ya ce, "faɗa min, wa ta ɗebo?"