Inda Ruwa Ya Janye

A gidan suna suka fara ganin juna, a Sheme, shekarar da ƙarin albashin Udoji ya sa kowane ma'aikaci ya sayi rediyo. Saudatu, babbar ɗiyar Alhaji Barau dillalin shanu, ta zo gida haihuwa daga Agege inda take aure, aka raɗa wa yaron suna Abdulƙarim. Ƙanwarta Suwaibatu ta fito da ƙwaryar fura za ta miƙa zaure, sai ta yi kiciɓis da baƙon da mijin Saudatu ya aiko da kayan barka.

Sunansa Rabo, ɗan Ketare, masinja ne a wani ofis a Ikko. Wandonsa mai faɗin ƙafa, takalminsa mai tudu irin na yayi, ga rediyo mai kaset rataye a kafaɗa. Ya karɓi ƙwaryar ya yi godiya.

Da la'asar ƙawayenta suka tura ta ta tambaye shi abin da suke gardama a kai. Kanta a ƙasa ta ce, wai da gaske ne teku ba shi da ƙetare?

"Yana da shi mana," in ji Rabo. "Ga ɗan Ketare nan a gabanki."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Daga ranar ta sa masa suna Sarkin Ruwa, tunda dai ba za ta iya kiran sunansa ba.

Gaskiyar magana, Rabo bai taɓa taka bakin teku ba. Ta tagar bas yake hango ruwa idan suna kan gada, shi ke nan. Ya so ya faɗa mata, amma ya ga yadda idonta ke haske idan ta kira shi da sunan, sai ya haɗiye maganar. Kullum yana cewa gobe.

Da manyansa suka zo daga Ketare neman izini, Alhaji Barau ya karɓe su da mutunci, ya kuma faɗa musu gaskiya. Yaron ba shi da aibu. Amma ɗakinsa a Obalende yake, cikin tsibirin Ikko, kuma shi duk shekarun da ya yi yana kai shanu kudu bai taɓa yarda ya haye gadar nan ba. Saudatu ma don Agege tudu ne ya bayar da ita. Ba zai kai ɗiyarsa garin da ruwa ya kewaye gabas da yamma ba. Ga kuma Gide ɗan Faskari, mai motar ɗaukar shanu, ya daɗe yana aiko da gaisuwa, gidansa kuwa nan kusa.

Gide bai ɓoye raininsa ba. A tasha yakan ce masinja ko a kogin Sheme aka jefa shi sai an nemo masunta.

Rabo ya koma Ikko ya duƙufa tambaya. Duk wanda ya san ruwa a ofis da unguwa sai da ya tare shi. Sannan ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba wani direba. Suwaibatu ta saurara a rediyon Saudatu, a ƙuryar ɗaki, ta rage murya:

"Salamu alaikum, Suwaiba tawa, sanyin idona. Ni ne. Ki kwantar da hankalinki, ruwan nan yana da dokoki, wanda ya kiyaye ba abin da zai same shi da yardar Allah. Ba a shan sa, gishiri ne, sai a tafi da ruwan gida. Ba a shiga ya wuce gwiwa. Ba a ba shi baya. A cikin kwale-kwale ba a miƙewa tsaye, kuma mai goyo ta kwance goyon ta rungume shi a gaba. A rufe kai, don ranar can tana ƙona mutum iska na ruɗinsa. Babbar dokar kuma, abin da ruwa ya ɗauka ba a bin sa, ko mene ne. Ki gaya wa Yaya Saudatu ta gaya wa Baba. Ina tunaninki safe da yamma."

Ta juya kaset ɗin ta amsa a ɗaya gefen:

"Wa alaikumus salam, Sarkin Ruwa. Na haddace. Ka riƙa cin abinci, na ga wuyanka ya rame."

Da Saudatu ta yi arba'in, Alhaji ya shirya mayar da ita ɗakinta, Suwaibatu kuma za ta bi su ta taya ta raino. Saƙon dokokin ya riga ya isa kunnensa. Ya ce to, tunda yaron ya ce ya san ruwa, ya kai shi bakin teku ya gani da idonsa. Abin da ya gani shi zai yanke magana.

Ranar Lahadi Rabo ya ɗauke su su uku da jinjiri. Ya zaɓi wani ɗan tsibiri bayan tashar jiragen ruwa, inda ya ji mutanen gari na zuwa shan iska. A cikin kwale-kwale mai inji komai ya tafi daidai. Saudatu ta kwance goyo ta rungume, Alhaji ya riƙe katako yana salati, suna wuce manyan jiragen siminti da suka yi layi suna jiran sauke kaya. Rabo ya daure yana nuna musu abubuwa da yatsa kamar wanda aka haifa a wurin.

Suka sauka suka tarar da rairayi fari, shimfiɗe, mai faɗi kamar filin idi, ruwan kuma can nesa yana wasa. Mutane duk sun tattaru a sama, gindin bishiyoyin kwakwa, sun bar filin fayau.

Rabo ya duba ya ga abin da ya sani tun yana yaro. A gida idan kogi ya janye ya bar rairayi, ya tafi ke nan sai wata damina. A nan mata ke shanya, a nan ake haƙa rijiyar rani, a nan samari ke hira. Ya ce wa Alhaji ruwa ya janye, nan ne wuri mafi kyau, ba cunkoso. Alhaji ya gyaɗa kai, don shi ma haka ya san ruwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye kwanukan abinci da rediyon Rabo. Saudatu ta kwantar da Abdulƙarim da ya yi barci, ta kare shi da lema.

Suwaibatu ce kaɗai ba ta zauna ba. Ita ce mai wankin gidansu a kogi, ta san yadda ambaliya ke barin layin ciyayi da karare a inda ta tsaya. Ga irin layin nan can sama, kusa da bishiyoyi, bayan tabarmarsu da nisa. Ta taɓa shi da ƙafa ta ji danye ne. Ruwa ya zo nan yau, ba bara ba.

Ta buɗe baki ta rufe. Ta yaya za ta yi wa saurayinta magana a gaban mahaifinta, balle ta ƙaryata shi? Ko kallon inda yake ba ta yi ba tun safe. Sai kawai ta sunkuya ta ɗauki jinjirin, ta ce wa Saudatu rana ta yi masa yawa, ta haura da shi gindin kwakwa. Saudatu ta bi ta tana mita.

Azahar ta yi. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya ninke a kan tabarma, ya ajiye takalmi da hula, ya rage daga shi sai 'yar shara da wando. Suka yi alwala da ruwan gida, suka matsa sama inda rairayi ya bushe, suka tayar da salla. Bayan sallama Alhaji ya zauna lazimi, Rabo na gefensa, duka sun ba teku baya.

Muryar Saudatu ce ta juyo da su. Filin nan duk ya zama ruwa. Tabarma na yawo, kwanuka na kifewa, rediyo ya nutse, farar rigar Alhaji ta buɗe a kan igiyar ruwa tana tafiya.

Alhaji ya zabura ya bi rigarsa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya wuce, rairayi na zamewa ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ji ya yi an rungume shi ta baya, an ɗaga shi cak kamar buhun gero, an juyo da shi tudu.

"Sake ni, yaro."

"Ka gafarce ni Baba, ba zan sake ka ba. Ba a bin sa."

Bai sake shi ba sai da suka kai busasshiyar ƙasa. A gaban 'ya'yansa mata, a gaban baƙin mutane da ke kallo. Wani masunci ya matso ya yi musu bayani da guntuwar Hausa cewa ruwan nan kullum haka yake, ya tafi ya dawo, safe da yamma, yaran wurin ma sun sani. Rabo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kwaltar bakin tasha ta yi zafi, Alhaji ba takalmi. Rabo ya cire nasa mai tudu ya ajiye a gabansa ba tare da ya ɗago kai ba. Alhaji ya ƙi, ya taka kwalta, ya dawo ya saka. Haka dattijon ya shiga Agege, cikin 'yar shara, kai ba hula, yana tangaɗi a kan takalmin samari, Rabo na binsa a baya ƙafa ba komai. A bakin kara, kasuwar shanu, suka ci karo da Gide yana sauke shanu. Gide ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin Alhaji ya koma gida labarin ya riga shi isa Faskari da Kankara, an ƙara masa gishiri.

Daga nan shiru. Rabo bai sake zuwa Agege ba. Yana tuna yadda Suwaibatu ta ɗauki yaro ta bar wurin tun kafin ruwa ya zo, ya ɗauka ta gano shi maƙaryaci ne ta bar shi ya ji kunya. Ita kuma da ta koma Sheme ba ta ga kaset ba, ta ɗauka fushi yake da ita. Ba ta tuna rediyonsa na ƙarƙashin teku ba.

Ita ta fara aika kaset. Rabo ya rasa inda zai saurara, dole ya kai wurin mai gyaran rediyo a Obalende, ya manna kunnensa a jikin lasifika, mai shagon na yi kamar ba ya ji:

"Sarkin Ruwa. Na ga alamar ruwan tun da muka sauka, kunya ta hana ni faɗa maka. Da Baba ya nutse da ni na jawo. Ban iya cin abinci. In ka yafe mini ka aiko ko da gaisuwa ce."

Ya biya mai shagon ya ɗauki amsa:

"Suwaiba tawa, kar ki ƙara kirana da sunan nan. Ranar nan ce ranata ta farko a bakin teku. Ni ma kunya ce ta hana ni faɗa miki tun a gidan suna. Ke za ki yafe mini."

Ranar da kaset ɗin ya iso, Suwaibatu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kai wa mahaifinta abincin rana da kanta, ta durƙusa ba ta tashi ba. Ta faɗa masa komai, nata da na Rabo, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Alhaji bai katse ta ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko alamar ruwan ce ta sa ta ɗauke Abdulƙarim. Ta ce e. Ya gyaɗa kai, don shi ma ya ga inda jinjirin yake kwance, ya kuma ga inda ruwa ya kai.

Ya aika Ketare a kira masa yaron da manyansa.

Rabo ya zo ya zauna can bakin ƙofar zaure, kusa da takalma. Alhaji ya ce shi ma ya ga rairayin nan ya ɗauka rani ne, don haka ba zai ɗora wa yaro wautar da ya taya shi yi ba. Ya ce mutum biyu suka gan shi a wulaƙance ranar nan. Ɗaya ya yi dariya ya kai labari kasuwa. Ɗayan ya bar ruwa ya tafi da rediyonsa, ya kama surukin da yake nema ya ɗaga shi sama, ya san hakan na iya raba shi da auren.

"Na ba ka ita," in ji shi. "Amma dokokinka na kaset akwai wadda ka manta. In ɗayanku ya ga ruwa na tahowa, ya buɗe baki ya faɗa wa ɗan'uwansa, ko a gaban wa. Kunyarku ta kusa cinye mini jika."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Barau. Cikin kayan da dangin ango suka kawo akwai ƙunshi ɗaya da ba na amarya ba: babbar riga ta shadda, da hula, da takalmin fata shimfiɗaɗɗe marar tudu. Kayan nan Alhaji ya saka a ranar. Ya dafa kan ɗiyarsa ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya roƙi Allah ya tsare su a tudu da cikin ruwa, mata na amsawa da amin daga tsakar gida.

Da za a shiga mota zuwa Ikko, Rabo ya ɗora akwatin amarya a gefen rufin, ya juya zai sauko. Alhaji na tsaye, dattawa na tsaye. Daga cikin lulluɓi aka ji murya ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Sarkin Ruwa, ba ka ɗaure shi ba. Zai faɗo."

Rabo ya koma ya ɗaure, kunnuwansa na zafi. Alhaji Barau ya juya kai gefe yana gyara hula, don kar a ga yana murmushi.