Marurun Tela

Ranar da Amarya ta dawo daga asibiti, uwar mijinta ta tare ta a bakin ƙofa, ko sallamarta ba ta amsa ba.

Ita fa tsohuwar nan ce ta cika unguwa da shelar jika, da ta ga fuskar yarinya ta yi suntum, ƙafafu sun ƙi shiga takalmi. Ashe ba ciki ba ne. Likita ya ce tunjere ne, ciwon nan da ake ɗauka ta saduwa, ya taɓa ƙoda, shi ya sa ruwa ya taru a jiki, fitsari ke kumfa kamar an zuba sabulu. Aka yi mata allura a mazaunai, aka ce ta turo mijinta.

"Ɗana lafiyarsa ƙalau," in ji tsohuwa. "Can inda kika kwaso, ki mayar musu."

Tela, mijin nata, na kan kekensa, kai a sunkuye, yana ta ɗinke abin da ya riga ya ɗinku. Mutumin da ke ce mata Fitilata, wanda ta ɓata da yayyenta saboda shi... ko kallonta bai yi ba.

Amarya ta jawo kujera. Tana zama wurin allurar ya soke ta, ta karkace ɓari ɗaya tana cizon leɓe.

Sai abin ya faɗo mata. Ta san wannan zaman. Watannin baya haka Tela ya riƙa zama a kan keken nan, a karkace. Wai maruru ne, amma ya hana ta gani. Har ruwan zafi ta dafa masa, baiwar Allah, tana jera masa sannu.

"Masoyi," ta ce a hankali, "marurun nan naka... a asibiti aka yi maka shi, ko?"

Keke ya tsaya cak. Tsohuwa ta hau masifa, ta juya don ɗanta ya ƙaryata, sai ta tarar yana hawaye. Wai kunya ya ji, wai tsoron rasa ta ne.

Amarya ta ce, "Ka wanke jininka, ka bar ni da dattin. Ciwon zan iya yafewa. Ruwan zafin nan ne ba zan yafe ba."

Ya durƙusa, ya yi rantsuwa, tsohuwa ma ta koma kiranta 'yata. Amarya ta miƙe ta shige ɗaki. Ta ƙarasa allurarta, ƙoda ta warware.

Ran da kumburin ya sace, ta gwada takalmin da ya saya mata na aure. Ya shiga daidai. Da shi ta bar gidan.