Ranar da Kaka Jimmai Ta Rufe Baki

A birnin Greensboro akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, gwanar gudu. Iyayenta mutanen Jos ne. Suna zaune a wani gidan bene kusa da titin Wendover, tare da ƙanenta Seth da kakarta, Kaka Jimmai. Sunan Kaka aka sa wa yarinyar, shi ya sa tsohuwar ba ta kiranta da komai sai Takwara.

Kaka tana da hali guda. In abin farin ciki ya zo, sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ayyururui! A coci ne, a kanti ne, ita ba ruwanta.

Bara ta yi wannan guɗar a filin tsere. Wata yarinya mai jan gashi, 'yar ƙungiyarsu ta gudu, ta ce, "Motar asibiti ce ta zo, ko kakarki ce?" Yara suka kwashe da dariya. Maganar ta tsaya wa Takwara a rai shekara guda cur.

Bana aka shirya babbar gasa ta kwana biyu. Ranar Juma'a za a tace 'yan tsere, ranar Asabar a yi na ƙarshe. Al'adar ƙungiyar ce iyalai su kafa tanti a bakin wani tafki wajen Summerfield, su kwana tare.

Baba Gregory ya ɗauki hutu a wurin aiki. Mama Celina ta cika bayan mota da tukwane da acca da busasshen kifi. Ranar Alhamis da la'asar suka isa.

Baba ya ƙi karanta takardar haɗa tanti. "Ni da na yi rumfar gona?" in ji shi. Sau biyu tantin yana rufta wa Seth a ka.

Kaka tana zaune a kujera tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. Mun bar bukka a ƙauye, mun hau jirgi, mun zo Amirka mu kwana a bukkar leda."

Kowa ya yi dariya, har Baba.

Da suka zauna cin gwate, Mama ta tambaya, "Ƙarfe nawa ne gudunki gobe?"

Takardar da koci, mai horar da su, ya ba yarinyar tana cikin aljihunta. Ƙarfe tara aka rubuta. Ta dubi Kaka, ta hango mai jan gashi a tantin da ke kusa.

Ta ce, "Sha ɗaya, Mommy. Amma ni zan bi motar koci da wuri, mu motsa jiki."

To, wannan ƙarya ce. Ba ta da wani suna.

Gari ya waye, ta bi motar koci. Tseren mita ɗari takwas ne, zagaye biyu na fili. Huɗun farko a kowane rukuni ne kawai za su yi gudun Asabar.

Aka harba bindigar tashi. Yarinyar ta fita kamar an cilla ta. Zagaye na farko ita ce gaba. A na biyu ma ita ce. Da ta sha kwana ta ƙarshe, ta ji fili ya ɗauki ihu, sai ta ɗauka an gama. Ta rage gudu.

Fiu! Ɗaya ta wuce ta. Fiu! Ta biyu. Ta uku ma ta wuce. Da ƙyar ta jefa ƙirjinta kan layi, ta zo ta huɗu. Saura ƙiris da ta biyar ta fitar da ita.

Koci ya zo yana girgiza kai. "Ana ta ihu cewa suna bayanki. Ba ki ji ba?"

"Kowa ihu yake yi, Koci. Ban san wa ake wa ba."

Sauran yara suka ruga wurin iyayensu. Wannan a rungume ta, waccan a ba ta ruwa. Ita kuwa ta zauna kan ciyawa ita kaɗai, tana kwance igiyar takalmi.

Goma da rabi sai ga su. Baba yana ɗauke da kular kunun gyaɗa. Seth ya ɗaga kwali da ya zana barewa a kai. Kaka ta sha sabuwar atamfa, ta kafa ɗauri, tana dogara sanda.

Koci ya tarye su. "Kun makara. An gama tun ɗazu. Ai na ba ta takarda, ƙarfe tara ne."

Baba ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai. Seth ya sauke kwalinsa a hankali.

Suka shiga mota, suka koma tafki.

A gaban tanti Mama ta ce, "Zauna nan. Mantuwa kika yi?"

"A'a, Mommy."

"To me ya sa?"

Hawaye suka zubo mata. "Guɗar Kaka ce. Suna yi mini dariya. Sun ce motar asibiti."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa. Kaka ta ɗaga sanda. "Gregory, bari. Tsakanina da takwarata ne."

Ta juyo. "Takwara, dube ni. Da kin zo kin ce, Kaka, yi shiru a fili, da na yi shiru. Bakina ne, na iya rufe shi. Amma kika bar ni na kwana a ƙasa da wannan bayan nawa, na yi kwalliya, na je na gaishe da kujeru."

"Ki yi haƙuri, Kaka."

"Na yi. Gobe zan je. Amma bakina a rufe. Guɗa ba abin da ake cusa wa mutum ba ne."

Ta tashi ta shige tanti.

Yarinyar ta bi Baba bakin ruwa, inda ya jefa ƙugiya. Kifi kuwa ya ƙi zuwa.

Can ya ce, "Kin san ranar da aka haife ki, Kaka tana Jos? A waya na gaya mata. Ta yi guɗar da sai da na janye wayar daga kunne. Likita ta leƙo tana tambaya ko lafiya."

Yarinyar ta yi dariya cikin hawaye. Sai kuma ta share ido.

"Daddy, yau da Kaka tana fili, da na ji ta. Duk ihun nan iri ɗaya ne. Nata ne kawai daban."

"Ni kike gaya wa? Ga ta can."

Da yamma iyalai suka kewaye wuta. Yara suna gasa farar alawa a tsinke. Kaka tana gefe tana gasa masara. Yarinyar ta zo ta durƙusa a gabanta, a idon kowa, har da mai jan gashi.

"Kaka, na yi ƙarya, na ji kunyar abin da ba na kunya ba. Don Allah ki yi mini guɗa gobe."

Kaka ta juya masararta. "Motar asibitin kike so?"

"Ita nake so."

"To ji. Zan tsaya a kwana ta ƙarshe. In kin ji ni, kada ki waiga. Akwai mutum a bayanki. Ki ba ƙafa aiki."

Ranar Asabar fili ya cika maƙil. Aka harba bindiga. Wannan karon yarinyar ba ta yi gaggawa ba. Ta bi ta uku, ta koma ta biyu. A zagaye na biyu ta karɓi gaba.

Ga kwana ta ƙarshe. Ƙafafunta sun yi nauyi, ƙirjinta yana zafi. Ihu ko'ina, ba ta gane komai. Zuciyarta ta ce, huta kaɗan mana.

Sai wata murya ta keta ihun nan duka.

"Ayyururui! Yururui!"

Ba ta waiga ba. Ta cije leɓe, ta ƙara wuta. Ta ji numfashin wata a kafaɗarta. Guɗa ta sake tashi, ta fi ta farko tsawo. Ta ƙara! Ta ƙara! Ta faɗa kan layi da taku ɗaya tak a gaban ta biyu.

Seth ya yi tsalle har kwalinsa ya yage. Baba ya manta da kula a hannunsa, kunu ya zube masa a takalmi. Mama tana ta cewa, "Mun gode Allah! Mun gode Allah!"

Da aka rataya mata lambar zinariya, ba ta tsaya hoto ba. Ta ruga ta cire ta, ta rataya wa Kaka a wuya.

Mai jan gashi, wadda ta zo ta biyar, ta matso tana sosa kai. Ta ce wa yarinyar, "Ki gaya wa kakarki ta yi haƙuri. Kuma... za ta koya mini?"

Aka fassara wa Kaka. Ta dube ta sama da ƙasa. "Kama hancinki."

Mai jan gashi ta kama, ta gwada. Abin da ya fito kamar kukan ɗan akuya.

Kaka ta ce, "Wannan motar tata ba mai. Sake!"

Da yammar nan, bakin tafkin Summerfield ya cika da guɗar yara goma sha biyu, Kaka tana tsakiya da lambar zinariya a wuya tana gyara musu.

Yara, ku riƙe wannan. Ƙarya ta kusa fitar da yarinyar nan daga gasa, gaskiya ta dawo da ita. In abu ya dame ku, ku faɗa a gida, kada ku ɓoye. Kuma kada ku ji kunyar naku don wani ya yi dariya. Ranar da kowa yake ihu, muryar naku ce kaɗai za ku gane.