Ƙofar da Aka Wanke

Da hantsi rahoto ya iske Sufeto. Wani tela ya yanke jiki ya faɗi jiya da yamma, matarsa ta yi ta kiran ofishin motar asibiti, murya na yankewa, har rai ya yi halinsa.

Ko da Sufeto ya isa ofishin, tuni Manaja ya tsare mai ɗaukar kira, wata baiwar Allah mai tsohon ciki.

"Sakacinta ne, ranka ya daɗe," in ji Manaja, yana sakace haƙori. "Ku tafi da ita."

"Wallahi Yallaɓai, ina jin ihun matar, sai ya ɗauke," ta ce cikin kuka.

Mutumin bai kwanta wa Sufeto ba sam. Ya sa aka kira injiniyar da ke kula da na'urorin, ta kai shi wani ɗaki mai sanyi, ta nuna masa akwati mai ramuka a jere.

"Kowace waya da ƙofarta. Saƙonni layi suke bi, kamar a famfo. Daga kwamfutar nan ake tsara wanda zai fara wucewa, kuma kiran gaggawa ne kullum a gaba."

"Jiya fa?"

Ta duba allo, ta yatsine fuska. "An mayar da shi baya. Layinsa ya cika har yana zubewa."

"Wa aka sa a gaba?"

"An goge. Amma duba, kowace ƙofa tana nuna lodin da ta ɗauka. Wannan kaɗai ce fes, an wanke lissafinta, kamar yau aka saye ta."

Sufeto ya kama wayar wannan ƙofa, ya bi ta bango bango. Ta kai shi bayan wata ƙatuwar talabijin a ofishin Manaja.

"Ni ban iya kwamfuta ba," in ji Manaja.

"Ni da kai kaɗai muka san lambar sirri," injiniyar ta ce. "Jiya kuwa ina hutu."

Gumi ya karyo masa. "Wasan ƙwallo na ƙarshe ne fa, hoton sai tsayawa yake. Na ce bari in ɗan..."

Sufeto ya ji ƙyamar taɓa shi. Ya miƙa wa kofur ɗin da ya rako shi ankwa, ya ce wa mai cikin ta tafi gida abinta.

A bakin ƙofa Manaja ya waiwayo, idanunsa cike da hawaye. Sufeto ya dakata, ya zaci telan zai ambata.

"Kuma ka san abin takaici, Yallaɓai? Mu aka ci."