Ƙwayar Maman Doma

"Wallahi Sharhabilu na gaji! Saura sati uku a ɗaura mana aure, amma har yau mahaifiyarka ba ta san komai ba!"

Rahmat ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki ta zuba masa ido. Yana tsaye a ƙofar ɗan shagonta da ke Bukan Sidi, makullin babur a hannunsa.

"Ki yi haƙuri, sahibata. A ɗaura tukuna, ni da kaina zan zaunar da ita..."

"In kuma ta ce mun cuce ta fa?"

"In kuma ta ce a fasa fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara shida Mama ta yi tana jinyar Baba da irin wannan ciwon. Ko sunansa ba ta son ji. Rahmat, ba zan iya rasa ki ba."

Ta sunkuyar da kai, idanunta suka ciko.

Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, tana da ashirin da huɗu a duniya. Likita ya ce ciwon zuciya ne tun na ƙuruciya ya sa jini ya daskare ya toshe mata jijiya a kai. Allah ya taimake ta ta miƙe, tafiya ta dawo, baki ya daidaita. Abu biyu ne suka rage mata: kafaɗar hagu da ke yi mata zugi, da wafarin, maganin tsinka jini da take sha kullum don kada abin ya dawo. Sharhabilu ya san duk wannan, domin tun tana jan ƙafa yake sonta.

Kwana biyu bayan rigimar, sai ga Mama Halimat, mahaifiyar Sharhabilu, daga Doma, da atamfofin biki a leda da doya uku a buhu. Rahmat ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ɗauko tef tana gwada ta. Tana ɗaga hannu sai kafaɗar ta soke ta, ta cije leɓe.

"Ke 'yata, lafiya?"

"Ba komai Mama... aiki ne ya yi yawa."

"Kai, sannu! Ai ɗinki haka yake cin kafaɗa." Mama ta buɗe jaka ta zaro katin ƙwaya. "Ungo. Shi nake sha don gwiwata, a kemis nake saya. Minti goma kin manta da ciwo."

Rahmat ta tuna gargaɗin likita cewa ban da farasitamol kada ta sha wani maganin ciwo sai ta tambaye shi. Amma me za ta ce? In ta ƙi, sai an tambaye ta dalili. Ga Mama har ta fasa ledar ruwa ta miƙo mata, fuskarta cike da tausayi.

Ta karɓa da hannu biyu ta haɗiye.

"Yauwa! Riƙe sauran, safe da yamma."

Ƙwayar kuwa ta yi aiki. Rabon da Rahmat ta ji kafaɗarta sakayau haka tun kafin ciwon. Ga ɗinkin biki ya taru, ga na mutane. Washegari ta ce bari ta ƙara ɗaya kawai. Ta ƙara da yamma. Ba ta gaya wa Ummanta ba, ba ta gaya wa Sharhabilu ba.

A kwana na biyar ta ga jini a buroshinta. A na shida ta ga wani baƙin tabo a cinyarta, alhali ba ta bugu da komai ba. Cikinta na ƙuna, bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin. Ta tsorata, ta ce gobe za ta je asibiti in ta gama rigar Mama.

Ba ta gama ba. Washegari da hantsi ta miƙe za ta ɗauko almakashi, sai shagon ya juya mata. Ngunan, maƙwabciyarta mai sayar da kayan masarufi, ita ta ji faɗuwarta ta rugo.

"Rahmat! Jesus! Ku taimaka, jini take amai!"

A asibiti ta farfaɗo, robar jini a rataye a gefenta. Sharhabilu na zaune, auduga manne a hannunsa inda aka ɗebi nasa, idanunsa jajir. Umma na kuka a bakin gado. Can jikin bango kuwa Mama Halimat ce tsaye, ko mayafinta ba ta gyara ba tun saukowarta daga motar Doma.

Dokta Aondover, likitan da ke duba Rahmat tun farko, ya shigo riƙe da katin ƙwayar da Ngunan ta tsinto a kan keke.

"Rahmat, wa ya ba ki dikilofenak?"

Rahmat ta saci kallon Mama.

"Ni ce," Mama ta faɗa. "Ni na ba ta. Me ya yi?"

"Mama, maganin ba shi da laifi ga wanda ya dace da shi. Amma wannan yarinya tana shan maganin tsinka jini saboda shanyewar jiki da ta taɓa yi. Irin wannan ƙwaya, da aibufurofen, da asfirin, suna iya yi wa ciki rauni, ga jininta ba ya saurin tsayawa. Da an ƙara awa biyu, da wani labarin muke yi."

"Shanyewar... jiki?"

Mama ta juya a hankali ta kalli ɗanta.

"Ka sani?"

"Mama, don Allah..."

"Na ce ka sani?!"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni na ɗauki abin da zai kashe 'yar mutane na sa mata a hannu? Har da ba ta ruwa!" Muryarta ta karye. "Da ta mutu fa, Sharhabilu? Da wane ido zan kalli uwarta? Me zan gaya wa Allah?"

Ya zube a gabanta. "Tsoro na ji, Mama. Na ga wahalar da kika sha da Baba, na ce za ki hana ni ita."

"Tashi ka ba ni wuri!"

Ya fita yana share hawaye. Rahmat ta yunƙura, kuka ya ƙwace mata.

"Mama, ki yafe mini. Ba laifinki ba ne. Ranar farko kunyarki na ji... sauran kwanakin kuwa ni na ci gaba da sha, na san an hana ni. In kin ce a fasa, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Mama ta juya wurin likita.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Za ta rayu? Za ta haihu?"

"Za ta rayu lafiya in ta kiyaye. Kada ta daina maganinta da kanta, ta riƙa zuwa gwajin jini. In ciwo ya dame ta, farasitamol daidai yadda na rubuta, kafaɗar kuma akwai masu gashi da motsa jiki. Ko jiƙo ne, a tambaye mu tukuna. Haihuwa kuma sai mun shirya tare, domin dole a canza mata magani da wuri."

Mama ta ja kujera ta zauna, ta kamo hannun Rahmat na hagu ta riƙe shi cikin nata.

"Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Har yanzu ina ji. Amma yarinyar da ta gwammace ta cutu da ta ce mini a'a, ba zan yar da ita ba." Ta share mata hawaye da bakin mayafinta. "Sai dai ki yi mini alkawari. Daga yau, a kan lafiyarki, ko ni ce ki ce mini a'a."

"Na yi, Mama."

"Shi kuma wancan, ki bar ni da shi. Sai ya yi sati bai ga dariyata ba."

Umma ta yi dariya cikin kuka.

An ɗaga bikin da wata guda. Ranar da aka kai amarya, bayan mata sun watse da la'asar, Sharhabilu ya shigo ya zauna a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Saura kaɗan tsorona ya raba ni da ke, sahibata."

Rahmat ta ɗaga mayafinta ta dube shi, tana murmushi hawaye na zuba.

"Ga ni nan dai, angona. Ɗago ka kalle ni."