Ɗiyar Farin Alhaji Atiku

A kan hanyar Kebbe Khairat ta fara ganinsa, ranar da mashin ɗin da ya ɗauko ta daga Tambuwal ya kafe cikin taɓo. Mai mashin na ta mita, sai ga wani saurayi ya tsaya, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ya turo su. Sunansa Mu'awiyya, malamin dabbobi ne a Kebbe, iyayensa makiyaya. Ita kuma malamar firamare ce, ta zo gaida yayan mahaifinta, Baffa Jumare.

"Malama, takalminki ya ɓaci," ya ce.

"Naka ya fi ɓaci," ta ce tana dariya.

Kafin damina ta fita soyayya ta yi nisa. Yakan turo mata saƙo: "Malamata, yau na yi wa shanu allura har hannuna ya gaji, amma bai gaji da rubuto miki ba."

Ta mayar masa: "Likitan shanu, ka huta mana. Ni ma kana raina."

Matsalar ita ce mahaifinta, Alhaji Atiku. Jigo ne a jam'iyyarsu, kuma ba ya buɗe baki bai ce shi mai ra'ayin riƙau ne ba. A majalisar ƙofar gidansa yakan zayyana aƙidar: a riƙe addini, a girmama manya, gida ya fi gwamnati sanin 'ya'yansa, abin da aka gada kada a taɓa shi da gaggawa. Magana mai kyau, da a ce bakin da ke faɗinta ya san nauyinta.

Da gwamnatinsu ta ce ba ruwanta da farashin taki, kasuwa ta yi halinta, Alhaji ya ce haka magabata suka yi. Da zaɓe ya matso aka fara rabon taki mota-mota, ya ce tallafa wa talaka gadon magabata ne. Sun rantse ba mai taɓa burtalin shanu, da aka yanka shi gonaki kuwa har da Alhaji a masu rabo. Magabatan nan dai sun sha wuya a bakinsa.

Shi Saifullahi yake so ya zama surukinsa, ɗan ciyaman ɗin jam'iyya, wanda ba a san shi da wata sana'a ba sai sa shadda da danna hon. Don haka da manyan Mu'awiyya suka zo neman izini, a gaban majalisa ya sallame su.

"Ɗan ruga? Gidanga ba mu canza al'ada. Yadda iyaye sunka yi, haka za a yi!"

Saifullahi ya bi gari yana cewa an sa rana. Labari ya kai Kebbe, Mu'awiyya ya rubuto mata: "Na ji an sa rana. Allah shi ba ku zaman lafiya."

Khairat ta yi kuka, don ta ji zafin saurin yardar da ya yi. Ta share hawaye ta amsa: "Haba masoyi, wa ya sa? Ni ban da miji sai kai. Ka tai wurin Baffa ka gaya mai abin da Baba ya faɗi, kada ka rage komi."

Bayan sallar Juma'a sai ga Baffa Jumare a majalisa. Alhaji ya sauka daga kujera ya ba shi.

"Atiku, an ce ka ce al'ada za a bi."

"Haka ne, Yaya."

"To tun yaushe uba ka bada ɗiyar fari gidanmu? Ko sunanta bai kamata ka kama ba. Ni anka ba ta ran suna, ni ka bada ta. Na tambaye ta, na binciki yaron har rugarsu, na ba shi."

Alhaji ya gyara hula, ya dubi jama'a, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ai zamani ya canza."

Sai wani dattijo ya fashe da dariya, saura suka bi. Mutumin da ya shekara yana dukan mutane da al'ada, ranar da ta taɓa shi ko minti guda bai iya riƙe ta ba. Baffa bai ko ƙara kallonsa ba, ya nemi a sa rana.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Tambuwal, Baffa ne waliyyi. Saifullahi bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Alhaji kuwa ya wuni yana gaya wa baƙi cewa tun farko shi ya ga nagartar yaron.

Da za a tafi da amarya Kebbe, aka kai ta ɗakin mahaifinta ta durƙusa, Mu'awiyya na jira a zaure zuciyarsa fal murna. Babu majalisa, babu mai tafa wa Alhaji. Ya dubi ɗiyarsa, ya ce:

"Allah shi yi miki albarka. Allah shi ba ku zuri'a ta gari."

Khairat ta fashe da kuka ta ce amin. Wannan maganar kam ba daga jam'iyya ya samo ta ba.