Rigar Da Ta Ɗinka Mini

Matata ta rasu, ƙarar keken ɗinki ta ɗauke a gidanmu.

Ni bakanike ne, karatuna bai yi nisa ba. Ita kuwa 'yan mata take koya wa ɗinki a ɗakinmu na gaba, suna ce mata Anti. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa son abin ba. Sau nawa ta ce, "Matar da ta fi kula keke a kan miji, sake ta!" Ban sake ta ba.

Anti tana da tsarinta: miƙaƙƙen ɗinki, sai yanka, sai wuya. Haɗa hannun riga ne na ƙarshe, wai shi ke sa ɗaliba kuka. Ciwo ya ɗauke ta kafin su kai nan. Rigunan yaran suna rataye a ƙusa, duk babu hannu.

Ana gama karɓar gaisuwa Inna ta zo da Yayana.

"A fitar da kekunan nan, yayanka zai zuba kaya a ɗakin."

"Inna, yaran fa?"

"Wa zai koya musu? Kai, da hannunka mai baƙin mai?"

Yaya ya tuntsire da dariya. "Sai dai ya ɗaure hannun rigar da noti!"

Na zaga wajen teloli neman mai koya wa yaran, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu.

Riga ɗaya tak matata ta taɓa ɗinka mini. Kullum "taka na nan tafe", aikin mutane na gaba. Tun rasuwarta sai dai in ɗauko, in shinshina, in mayar. Rigar na kai ɗakin, na miƙa wa babbar ɗaliban, wadda suke kira Doguwa, haɗe da reza.

"Farke hannun, ku ga yadda ta haɗa."

"Kawu! Wallahi ba zan iya ba, ɗinkin Anti ne fa!"

"Farke, na ce."

Tana farkewa tana kuka. Kowane zare ya tsinke, sai in ji shi a ƙirjina. Suka ga 'yan tsagar da ta yi da almakashi, inda kafaɗa ke haɗuwa da hannu. Suka mayar, ya karkace. Suka sake farkewa. Haka aka yi ta yi har yadin ya fara ci.

Ranar da Inna ta dawo da Yaya da mai baro, rigar ce a jikina, hammata ɗaya ta tattare. Kekuna na ta ƙara. Inna ta kama hannun rigar, ta daɗe tana dubawa.

"Ka bari sun lalata rigar marigayiya?"

"Ni na ba su, Inna."

"Ta mallake ka tana raye, ta mallake ka tana kabari." Ta juya ga Yaya. "Sallami mai baron. Wa zai ƙwace wa mahaukaci ɗaki?"

Ɗaki ya tsira, yara sun iya haɗa hannu. Ni kuwa babu sauran zarenta a kafaɗata, kuma idan suka tashi da yamma gidan yakan yi mini faɗi. Abin da na gane kawai, wanda kake so da gaske, aikinsa za ka raya, ko da abin tunawarka zai tafi.

Ku taya ni addu'a: Allah Ya jiƙan Anti, Ya haskaka makwancinta, ni kuma Ya ba ni juriya. Amin.